Ƙaramar Ƙofar Maman Romanus

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Bakin Inna ya tsage ta gefe biyu, harshenta ya yi ja kamar an kankare shi. Ko kunu ta kurɓa sai ta runtse ido. Kallo ɗaya na yi na gane: ƙarancin bitamin B2 ne, riboflavin. Shekara tara ina koyar da wannan abu a makarantar koyon aikin lafiya, a ce in kasa gane shi a bakin uwata? Na biya kemis na sayo maganin, kati uku.

Na damƙa wa Mama, tunda ita ke tare da Inna in na tafi aiki. Maman Romanus ke nan, maƙwabciyarmu. Sunanta Faustina, amma ban taɓa furta shi a gabanta ba, da Mama na buɗi baki. Mijinta da Babanmu tare suka yi aikin jirgin ƙasa, su suka fasa katangar baya suka sa ƙaramar ƙofar langalanga tun ba a haife ni ba. Dukansu sun rasu, ƙofar tana nan. Makullinta ɗaya ne tak, yana ɗaure a haɓar zanin Mama. Kullum bakwai da rabi sai ka ji ƙiiiy, ta shigo. Ta yi wa Inna wanka, ta fitar da fo tunda gwiwa ta hana Inna zuwa bayi, sannan su zauna su tsefe duk mutanen Kafanchan ɗaya bayan ɗaya.

Na ce mata ƙwaya ɗaya kowace safiya, bayan kari. Na maimaita. Ta ce, "Ogo, na ji. Ni ba yaro ba ne."

Ogochukwu. Ita ta raɗa mini ranar suna, bayan liman ya gama da Yasmin. Har yau ba ta yarda akwai wata Yasmin a duniya ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yau lakcar da na fi so, 'yan shekarar farko. Na ce musu riboflavin ɗin da kuka haɗiya masara ce tsaba, kuma ba a tuƙa tuwo da tsaba. In ta shiga cikin sel na jiki sai ta bi ta injina biyu, su muke kira enzayim. Na farko, riboflavin kinase, ya liƙa mata fosfet ta zama FMN. Surfe ke nan. Na biyu, FAD synthase, ya ƙara mata wani yanki ta zama FAD. An niƙa. Da waɗannan biyun jiki ke tatso ƙarfi daga abinci, yake gyara fata da harshe. Suka yi dariya suka rubuta. Misalin nawa ne, ni na ƙirƙiro shi, kuma wallahi ina jin daɗinsa duk shekara.

Lokaci ya ƙure ban kai shafin ƙarshe ba, na abubuwan da ke rage wa injinan ƙarfi. Na ce su karanta da kansu. Kullum haka nake yi, ba na sa shi a jarrabawa.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ista. Mama ta kawo shinkafa da kaza, kamar kullum ta sa Malam mai nama ya yanka saboda mu. Inna cokali biyu ta yi ta ture.

Zafin nan da ko fanka ba ta yi masa komai, Inna tana cikin suwaita ta naɗe wuya da mayafi. Mama ta ja ni gefe: "Ogo, A'i yana jin sanyi cikin wannan rana. Murya nata ma ya canja, kamar na namiji. Kuma wuya nata..." Wayata ta yi ƙara. Na ce, "Mama, tsufa ne," na tafi amsa waya.

Ita kaɗai ke kiran Inna A'i, Inna kuma ta ce mata Fosti.

Laraba, 23 ga Afrilu

Sati biyu da kwana biyu. Bakin yana nan yadda yake, ɓangaren hagu ma har jini. Ba haka ya kamata ba. Wannan abu kwana goma ya ishe shi.

Yaya Hussaini ya kira daga Kaduna ta bidiyo, ya ga fuskar Inna. Ya ce, "Yasmin, ke da kike koyar da masu duba marasa lafiya, haka bakin uwarki yake?" Cikin wasa ya faɗa. Ni dai ban ji wasa ba. Yana can cikin sanyin ofis, ya iya magana.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na fita sayen ashana a teburin Mama da ke ƙofar gidanta. Alewa, sabulu, maganin ciwon kai, da kati ɗaya na B2. Irin nawa. Kamfani ɗaya, kala ɗaya, an ɓalle huɗu.

Na dawo na duba jakar maganin Inna, na kasa tuna ko uku na sayo ko huɗu. Na tambayi Inna ko tana shan ƙaramar ƙwayar nan kullum. Ta ce, "Abin da Fosti ta ba ni nake sha," ta koma barci. Kwanan nan barci take yi kamar an yi mata allura.

Raina yana tafasa. Ba na son abin da nake tunani.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na yi magana. Ai dole wani ya yi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Jiya da yamma matan zumunta na cocinsu suna taro a gidan Mama, ƙarƙashin mangwaro, su wajen goma sha biyu cikin anko. Na sani sarai suna nan. Ban bi ta ƙaramar ƙofa ba, ta titi na zaga. Na ɗauki katin daga tebur na shiga da shi a ɗage.

Na ce, "Faustina, wannan na waye?"

Haka na ce. Faustina. Wata mata da ke zuba zoɓo ta tsaya da jug a hannu.

Mama ta ce Romanus ne ya kawo mata daga kasuwa tun kafin Ista. Na ce sati uku ke nan na ba ki magani ki ba uwata, da tana sha da tuni ta warke, ni na san aikin maganin nan, ba a kan tebur na koye shi ba. Na ce in sayarwa kike so ki yi ki faɗa mini in sayo miki naki daban.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ne ina fitar da fo nata kullum. Ki je ki duba. Kamar an jiƙa ɗorawa."

Na ce ba zancen fo ya kawo ni ba.

Sai ta kwance haɓar zaninta, ta ciro makullin, ta kamo hannuna ta sa a ciki, ta naɗe mini yatsuna a kansa. Ta ce, "Malama, ga makulli naki."

Ban yi nadama ba. Lafiyar uwata ce. Sunan dai, da ban kira ba. Shi kaɗai.

Talata, 29 ga Afrilu

Bakwai da rabi ta yi, ba ƙiiiy. Na ce wa Inna Mama tana da baƙi. Ta dube ni da kumburarrun idanunta ta ce, "Gwiwata ce ta mutu, Yasmin, ba kunnena ba."

Juma'a, 2 ga Mayu

Na roƙi a mayar mini da lakcocina ƙarfe goma. Yanzu ni ke ba da magani da hannuna, ina tsaye har ta haɗiye. Wanka kuwa Inna ta ƙi in yi mata, sai in ajiye ruwa in ja labule, ta yi abin da za ta iya a zaune.

Fon ne dai. Kai! Na toshe hanci da gyale, na kau da kai, na juye a bayi na watsa ruwa na gudu. Shekara biyu Mama tana wannan kowace safiya tana hira tana dariya, ban taɓa tambayar kaina wa ke yi ba. Na ɗauka shi ke wanke kansa, ko me?

Alhamis, 8 ga Mayu

Kwana goma da hannuna. Bakin bai motsa ba.

Wataƙila maganin jabu ne. Na canja kemis.

Litinin, 12 ga Mayu

Innalillahi.

Bita muke yi kafin jarrabawa. Doreen, wata ɗaliba daga Zonkwa mai zama a gaba, uwar 'ya'ya uku ce da ta dawo karatu, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ma, in injin farko ba ya surfe da kyau, masarar ina za ta je?"

Na ji daɗin tambayar, har na gyara tsayuwa. Na ce jiki ba ya tara riboflavin da yawa, abin da bai juya ba sai ya bi fitsari. Na ce ko mai lafiya ne ya sha ƙwayar, rarar tana fita, fitsarin ya koma ruwan ɗorawa shar. Na ce in kuna so ku san ko majinyaci yana shan B2 ɗinsa, ba sai kun tambaye shi ba, ku duba...

Nan bakina ya tsaya. Makar rubutu tana hannuna, allo yana gabana, ɗalibai sittin suna jiran ƙarshen magana.

Ki je ki duba. Kamar an jiƙa ɗorawa.

Mama ba ta taɓa shiga ajina ba. Ba ta san B2 yana rina fitsari ba. Abin da idonta ya gani kowace safiya ta faɗa mini, kuma ba za ta gan shi ba sai in Inna tana shan maganin. Hujjar da ni nake koyarwa ita ta miƙo mini a gaban mata goma sha biyu, na ce ba zancen fo ya kawo ni ba.

Doreen ta ce, "Ma, lafiya?" Na ce ta karanta wa aji shafin ƙarshe, ni na zauna. Ta karanta. Layi na biyu: in tayirod, ƙullin nan na gaban wuya, ba ya fitar da sinadarinsa yadda ya kamata, riboflavin kinase yana yin sanyi, FMN da FAD su ragu ko da mutum yana samun bitamin ɗin. Ni na buga takardar nan da hannuna shekara tara da suka wuce. Alamomin ciwon kuwa ko ɗan shekarar farko ya haddace su: jin sanyi, yawan barci, kumburin fuska, dushewar murya.

Na hau mashin na dawo gida ban ko sa hannu a rajista ba. Na jawo fon daga ƙarƙashin gado na kai shi rana na duba. Ruwan ɗorawa.

Sannan na durƙusa na ce Inna ta bar ni in warware mayafin. Ta riƙe, na lallashe ta, ta saki. Maƙoƙo ne, ya kai rabin lemon tsami. Ta ce, "Fosti ta ce ta gaya miki."

Ta fara gaya mini. Waya na tafi amsawa.

Talata, 13 ga Mayu

Na kasa cin abinci. Duk inda na juya sai in ga matar nan da jug a hannu.

Laraba, 14 ga Mayu

Mun je asibiti a keke napep, an ɗebi jini. Likitan, Dokta Abednego, ya san ni, ɗalibaina da yawa sun yi aiki a ƙarƙashinsa. Ya ba ni kujera, yana ta "Malama, Malama." Sai ya fara tambaya. Yaushe ta fara jin sanyi? Ban sani ba. Yaushe muryar ta canja? Ban sani ba. Tana fita bayan gida kullum? Gashinta yana zuba?

Inna ce ta amsa da muryar nan tata mai kauri: "Fosti ce ta sani."

Ya ce wace ce Fosti, a zo da ita mana. Na ce ta yi tafiya. A gaban uwata na yi wannan ƙaryar. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Talata, 20 ga Mayu

Sakamako ya fito. Tayirod ɗin ya yi ƙasa sosai, jininta ma ya yi ƙasa. Na fara yi masa bayanin enzayim, kamar wanda bai sani ba. Ya bar ni na gama, ya ce haka ne, yana iya zama da hannun wannan a ciwon bakin, amma kada in ɗora komai a kan inji ɗaya, ƙarancin jinin ma yana tsaga baki. Ya ce a ci gaba da B2, ya ƙara maganin jini, ya rubuta wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya ta tayirod. Da safe kafin ta ci komai, kaɗan za a fara saboda shekarunta da zuciya, kuma sai an yi makonni kafin a ga canji. Ya ce da an ƙara wata shida a haka, da labarin ya bambanta.

Na gaya wa Yaya Hussaini sakamakon. Sauran ban gaya masa ba. Ashe Romanus ya riga ni. Ya ce, "Yasmin, Mama fa? Mama?" Sau biyu. Na kashe wayar.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na sayi atamfa mai kyau, na je da hantsi lokacin da na san ba kowa. Tana zaune a teburinta tana ƙulla gishiri a leda. Na gaishe ta har ƙasa. Ta ce, "Malama, sannu da zuwa."

Na ce Mama na yi kuskure, ki yafe mini. Na ajiye atamfar. Ba ta kalle ta ba. Ta ce, "A'i yaya?" Na gaya mata komai, har 'yar ƙwayar. Ta tambayi ƙarfe nawa ake ba ta, da ruwa ko da kunu, ko ana iya haɗawa da na jinin. Na ce a'a, sai an raba su da awanni. Ta gyaɗa kai kamar mai haddacewa.

Na ɗauka an wuce wurin. Sai ta ce, "Ranar nan mutum nawa ne ya ji?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ta ce, "Ni na ƙirga. Yanzu a coci in na wuce ana riƙe jaka." Ta tura mini atamfar da bayan hannu. "Ki kai wa A'i, yana jin sanyi."

Na dawo da ita a hammata kamar wadda ta je talla ba a saya ba. Tir da ni.

Asabar, 24 ga Mayu

Yau ba aiki. Na fito daga kicin da safe ban ga Inna a ɗaki ba. Ashe ta ja kujerarta 'yar tsugunno, ban san yadda ta yi da gwiwar nan ba, har bakin ƙaramar ƙofa. Ta jingina bayanta da langalangar. A ɗaya gefen Mama tana shara tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Ba wadda ta ce wa wata uffan. Na duba agogo, bakwai da rabi.

Da na zo ɗaga ta ta ce, "Kin san ta nan aka fitar da ke lokacin rikici?" Na sani. An ba ni labarin ya fi sau ɗari: ina goye a bayan Mama, kwana uku muna ɗakinta, duk wanda ya tambaya ta ce 'yarta ce, Ogochukwu. Da wani rikicin ya juyo kuma su suka kwana a ɗakin Inna, Romanus cikin jallabiyar Yaya Hussaini.

Inna ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya iya rufe ta. Sai ke."

Makullin yana cikin jakata tun ranar. Zan iya buɗewa yanzu. Amma in na buɗe ba wadda za ta shigo.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na kai har bakin get ɗinsu, na ji muryoyin matan zumunta, na wuce kamar mai zuwa sayen katin waya.

Laraba, 28 ga Mayu

Yanzu Inna tana barina in yi mata wanka. Bayanta duk ya bushe, fatar tana ɓarewa. Akwai tabon ƙuna a kafaɗarta da ban san da shi ba. Ta ce ya shekara uku.

Fon kuma na daina toshe hanci. Ina dubawa kafin in zubar.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na yi.

An yi ruwa da rana, don haka a falo suka zauna, a matse. Na yi sallama. Ban nemi kujera ba, na durƙusa a tsakiya kan siminti.

Na shirya magana mai tsari tun daga gida, ta gudu. Abin da ya fito shi ne: ranar nan a gabanku na ce Mama ta sayar da maganin uwata. Ƙarya na yi mata. Tana ba ta kullum, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Ita ta fara ganin ciwon da ke wuyan Inna, ta gaya mini, ban saurara ba. Abin da ta ce in je in duba, shi nake koya wa ɗalibai ana biyana albashi, amma na fi ƙarfin in duba. Kuma na kira ta da sunanta, ita da ta goya ni.

Daga nan na ajiye makullin a kan tabarma a gabanta.

Matar nan mai jug, ashe Patricia sunanta, ta ce, "To, Malama, yau kin ci jarrabawa ko kin faɗi?" Wasu suka yi dariya, wata tsohuwa ta ce a yi addu'a. Suka yi tasu, ni ma na ce amin.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na ji." Shi ke nan. Ba ta taɓa makullin ba. Na tashi na fito na bar shi a wurin.

Ban san me na zata ba. Runguma? Oho.

Litinin, 2 ga Yuni

Bakwai da rabi. Shiru.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Sallah. Yaya Hussaini ya zo da iyalinsa, ya yi layya. Na ware wa Mama cinya da hanta kamar kowace shekara, na kai da kaina. Romanus ya karɓa, ya ce tana ciki tana hutawa. Yau kwanon ya dawo ta ƙofar titi, a wanke, ba komai a ciki. Da can ba ya dawowa haka, ko gyaɗa ce sai ta zuba.

Amma ta karɓi naman. Na gaya wa Inna, ta ce, "Hantar za ta fara ci."

Alhamis, 12 ga Yuni

Inna ta cire suwaita da kanta, ta ce wai wa ya rufe taga ana wannan zafi. Gefen dama na bakin ya haɗe, na hagu saura kaɗan. Ta cinye tuwo da miyar karkashi, har ta ce gishiri bai ji ba. Faɗa ya dawo, alhamdu lillahi.

Na sake buga takardar lakcar. Shafin ƙarshe ya koma na farko. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa: kafin ka yanke hukunci, tambayi wanda ke yi wa majinyaci wanka. Na goge, na ga kamar wa'azi. Na sake mayarwa.

Talata, 17 ga Yuni

Ina tsugune a bakin rariya ina wanke fo, sai na ji ƙiiiy.

Ban juya ba, tsoro nake kada in juya ta koma. Na ji takun silifas ɗinta ya wuce ni ya shiga ɗakin Inna. Sai muryar Inna, "Fosti, kin rame." Sai ta Mama, "Kai ne ka rame, A'i, dubi wuya naka kamar na kaza." Sai dariya, sai kuma wani abu da ba dariya ba. Na ci gaba da cuɗa fon da ya riga ya fita tas.

Can ta fito ta tsaya a kaina. Na ce, "Mama, ina kwana." Makullin yana haɓar zaninta, daidai idona.

Ta ce, "An ba shi ƙaramin kafin kunu?"

Na ce an ba ta tun shida da rabi.

Ta leƙa fon, ta taɓe baki. Na miƙa mata hannu ko za ta karɓa, ta ce a'a, wannan aikin ya zama nawa. Ta ce sabulu kaɗai ba ya kashe wari, shekara nawa ina karatu ban san wannan ba? Ta juya za ta koma ɗaki, sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba:

"Toka ake fara sawa, Ogo."

Na ɗebo toka a murhu na sa. Na makara lakca da minti ashirin, Doreen ta ce idona ya yi ja. Na ce toka ce.